Ƙaramin Rim Zai Rage Jijjigar Akori-kura?

Tambaya: Hilux ɗina mai rim inci 18 tana wahalar da ni a gargada. In koma ƙarami?

Amsa: Malam, ka koma. Ƙaramin rim yana ɗaukar taya mai dogon gefe, kuma robar da iskar cikinta ke shanye bugun rami. Sai dai tsayin tayar ya zauna yadda yake, kada agogon gudu ya ruɗe ka: 265/65R17 kusan tsayi ɗaya take da 265/60R18. Bakanike ya fara gwadawa, kada rim ya goga birki, ramukan noti shida kuma su dace. Duba nauyin da tayar ke ɗauka, kada iska ta wuce ƙima. A kwana motar za ta ɗan karkata, sai ka rage gudu.