KWANCIYAR ƊA A MAHAIFA IDAN CIKI YA TSUFA

Cikin mace yakan ɗauki kimanin mako 40, watau wata tara da 'yan kwanaki. A watannin farko ɗa yana da isasshen wuri, yakan juya yadda ya ga dama. Amma idan ciki ya tsufa wuri yakan ƙure masa, sai ya tsaya a kwanciya ɗaya. Yawancin 'ya'ya kafin mako na 36 sun riga sun juya, kansu yana ƙasa. Wannan ita ce kwanciyar da ake so, domin kai shi ne mafi girma a jikin jariri. In ya wuce, sauran jiki ba ya ba da wahala.

Kwanciyar da ba daidai ba

Iri biyu ce. Ta farko, ɗa ya zauna, kansa yana sama, ɗuwawunsa ko ƙafafunsa suna ƙasa. Cikin mata ɗari da cikinsu ya cika, akan sami uku ko huɗu a wannan hali. Ta biyu, ya kwanta a gicciye, kafaɗarsa ce take fuskantar ƙofa. Wannan ba ta kai ta farko yawa ba, amma ta fi ta haɗari, domin ɗan da ya gicciye ba shi da hanyar fita muddin bai juya ba.

Abubuwan da sukan jawo haka sun haɗa da cikin tagwaye, da yawan ruwa a mahaifa ko ƙarancinsa, da ƙari a mahaifa, da mabiyiya ta sauko ta tare hanya, da kuma sakin da mahaifa takan yi bayan haihuwa da yawa. Sau tari kuwa ba a samun dalili. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma sammu ba ne.

Yadda ake ganewa

Wurin awo ne ake gane kwanciyar ɗa. Ungozomar asibiti takan lalubi ciki da hannu, in ta yi shakka sai a ɗauki hoton ciki a tabbatar. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas, uku na ƙarshe a mako na 36 da 38 da 40. Kada a yi wasa da waɗannan uku. Mai cikin fari da ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, lalle ta tafi da katinta, ta ci gaba da awo a can.

Abin da likita zai yi

Idan ɗa bai juya ba kafin mako na 36, ba abin tayar da hankali ba ne, da yawa sukan juya da kansu. In ya wuce haka, ƙwararren likita yana iya gwada juya shi ta waje, da hannu a kan ciki, yana sauraron bugun zuciyarsa. Kimanin rabin waɗanda aka yi wa haka ake dacewa. In ba a dace ba, likita zai duba ko uwa za ta iya haihuwa da kanta a asibiti, ko kuwa tiyata ta fi. Ga wanda ya gicciye har naƙuda ta kama, tiyata ce kaɗai mafita.

Abubuwan da za a kiyaye

1. Kada a bar kowa ya murza cikin a gida da sunan gyara kwanciya. Mabiyiya tana iya ɓallewa, jini ya ɓalle.
2. Kada a ba mai naƙuda jiƙo ko allurar ƙara naƙuda a gida. Mahaifa tana iya fashewa.
3. Kada a yi yankan gishiri. Shi da doguwar naƙuda suna jawo yoyon fitsari, cutar da ta sa Gwamnatin Tarayya take da asibitoci na musamman a Katsina da Ningi da Abakaliki.
4. Idan faya ta fashe, ko jini ya zuba, ko motsin ɗa ya ragu, a nufi asibiti nan take.
5. Idan cibiya ko hannu ya riga fitowa, kada a ja, kada a tura. Mace ta durƙusa, ƙirjinta ƙasa, ƙugunta sama, a garzaya da ita.

Nauyin maigida

Da zarar an ce kwanciyar ɗa ba daidai take ba, haihuwa a gida ta ƙare. Wajibi ne maigida ya tanadi kuɗi, da motar da za a kira ko da tsakar dare, da ɗan'uwan da zai ba da jini in an bukata. Ya kuma bar izini tun da wuri, domin kada a zauna jiransa alhali yana kasuwa ko ya yi tafiya. Ran da aka ce a kwanta asibiti, a kwanta, ko da naƙuda ba ta fara ba.