Darasi na 14: Kiran sunan na'urori

Madarumfa tana kudu da birnin Maraɗi, kusa da iyakar Najeriya. An san ta da babban tafkinta. Da rani makiyaya sukan kawo shanu tafkin su sha ruwa. In marece ya yi, makiyayi ba ya kwanciya sai ya ƙirga garkensa. Ya san kowace saniya da kamarta. In ɗaya ta ɓata, zai gane. In baƙuwa ta shigo, ita ma zai gane.

Na'urorin ofishi ma garke ne. Yau a ofisoshi da makarantu ana samun kwamfuta, da na'urar buga takarda, da tarho na hannu. In an haɗa su suna aika wa juna saƙo, an yi rezo ke nan. Akwatin wifi shi ne ƙofar rezo, ta nan kowa ke fita zuwa intanet. Mai kula da rezo shi ne makiyayinsu.

Kowace na'ura tana da lamba biyu. Ta farko ana ce mata MAC. Daga masana'anta take zuwa da ita. Tana da alama 12, haruffa daga A zuwa F da lambobi daga 0 zuwa 9. Rabin farko yana nuna kamfanin da ya ƙera ta. Ta biyu ana ce mata IP. Akwatin wifi ne ke ba na'ura ita lokacin da ta shigo, misali 192.168.1.7. MAC kamar sunan yanka ne. IP kamar wurin zama ne a cikin aji, yana iya sakewa gobe.

Yaya mai kula yake ƙirga garkensa? Yana aiki da manhajar bincike. Manhajar tana yin abin da malam ke yi kowace safiya: kiran suna. Tana aika ɗan gajeren saƙo ga kowace lambar IP, ɗaya bayan ɗaya. Na'urar da ke kunne ta amsa. Wannan ɗan saƙo sunansa ping. Wani Ba'amurke, Mike Muuss, shi ya rubuta manhajarsa a 1983. A 1997 Gordon Lyon ya fito da Nmap, wadda ke bincika rezo gaba ɗaya. Kyauta ake samun ta.

Bayan kiran, manhajar ta jera waɗanda suka amsa. Sai mai kula ya gwada jerin da littafin kayan ofishi. A ce littafi ya nuna na'ura 15, amma 17 suka amsa. To, akwai baƙi biyu. Wataƙila wani ne a waje ya sami lambar sirri, yana shanye kuɗin intanet. Wataƙila kuma kwamfuta ce mai ɗauke da cutar da ke lalata takardu. A ɗakin likita, takardun nan sunayen marasa lafiya ne. A makaranta, sakamakon jarrabawa ne. Sai a sake lambar sirri, a rufe wa baƙin ƙofa.

In kuma 14 suka amsa, ɗaya ta ɓata ke nan. Ko an kashe ta, ko ta lalace, ko an sace ta. Mai kula ya tashi ya je ya duba da idonsa. Dubawa wajibi ce, domin tarho na yanzu yakan ɓoye MAC ɗinsa ta ainihi ya nuna wata.

Makiyayi garkensa yake ƙirgawa, ba ya shiga garken maƙwabci. Haka nan ba a bincika rezon wani sai da izininsa. A 2019 Nijar ta kafa dokar da ke hukunta mai kutsawa cikin na'urar wani. Mai kula kuma na'urori yake ƙirgawa. Ba aikinsa ba ne ya karanta wasiƙun mutane. Amana aka ba shi.

Wanda bai san yawan abinsa ba, ba zai iya tsaronsa ba.

Sababbin kalmomi

Rezo: na'urori da aka haɗa suna aika wa juna saƙo.
Manhaja: umarnin da aka rubuta wa kwamfuta don ta yi wani aiki.
Lambar sirri: lambar da ke buɗe ƙofar rezo.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin MAC da IP?
2. Littafi ya nuna na'ura 22, amma 19 suka amsa. Nawa suka ɓata? Me ya kamata mai kula ya yi?
3. Don me ba a bincika rezon wani ba da izini ba?

Aiki

A ƙirga teburori da kujerun aji. A rubuta wa kowane lamba a littafi. Bayan mako ɗaya a sake ƙirgawa, a gwada.