Darasin Tarihi: Ƙauyen Eyam da Ya Killace Kansa

Darasinmu na wannan mako zai kai mu Ingila, wani ƙaramin ƙauye da ke yankin Derbyshire mai suna Eyam (ana furta shi "Im"). Mutanensa ba su wuce kusan dubu ɗaya ba, amma labarinsa ya zagaye duniya.

A shekarar 1665 annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa ta addabi birnin Landan. Ana cikin haka aka aiko wa telan Eyam ƙunshin yadi daga can. Mataimakinsa, George Viccars, ya kwance yadin ya shanya shi kusa da wuta don ya bushe, ashe akwai ƙuma a ciki. A watan Satumba ya mutu, cutar kuma ta shiga gida-gida.

Da abin ya tsananta a 1666, mutane suka fara tunanin gudu. Limamin cocin ƙauyen, William Mompesson, da tsohon limami Thomas Stanley suka roƙe su da su zauna, domin duk wanda ya fita zai iya kai cutar garuruwan maƙwabta, irin su Sheffield. Suka amince: ba shiga, ba fita. Aka mayar da ibada fili, kowane gida kuma ya riƙa binne mamatansa. Maƙwabta na ajiye musu abinci a bakin iyaka, su kuma su zuba kuɗi cikin ramukan wani dutse da aka cika da ruwan khal mai tsami, don sun yi imani yana kashe cuta.

Sun ɗanɗana kuɗarsu. Wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. Matar Mompesson, Catherine, ita ma ta mutu. Kafin cutar ta lafa a Nuwamba 1666, an rasa kimanin mutum 260.

A yau ƙauyen na da makarantar firamare, da gidan tarihi, da tsohon cocin nan na St Lawrence. An kafa alluna a ƙofar gidajen da annobar ta shiga, ɗauke da sunayen mamatan. Duk Lahadin ƙarshe ta watan Agusta jama'a na taruwa a Cucklett Delf, filin da kakanninsu suka yi ibada, don tunawa da su. A wannan lokaci ne kuma suke bikin ƙawata rijiyoyi da hotunan da suke haɗawa da furanni a kan laka.

Mu ma a nan, idan ƙyanda ko ciwon ido ya ɓulla a aji, mukan ji nauyin a ce mu zauna a gida, har wasu su ɓoye ciwonsu don kada jarrabawa ta wuce su. Mutanen Eyam sun zauna ne saboda waɗanda ba su ma sani ba.

Tambayoyi:
1. Ta yaya cutar ta shigo Eyam?
2. Da kana cikinsu, za ka zauna ko za ka gudu? Me ya sa?

A miƙa amsoshi ga sakataren ƙungiyarmu kafin ranar Juma'a.