Yadda hanta ke mayar da abin da aka yanke mata

Mahautan da ke kasa nama ranar Laraba a Kasuwar Oil Mill ta Fatakwal sun san hanta ciki da bai, amma ta dabbar da aka yanka. Ta mai rai tana da halin da zuciya ba ta da shi: a cire mata kashi biyu cikin uku, ta koma nauyinta. Masu bincike Higgins da Anderson ne suka gwada haka a kan ɓeraye a Amurka a 1931, kafin kwana goma hantar ta cika.

Da an yanke, jinin da ke zuwa daga hanji bai ragu ba, sai ya matsu a ɗan abin da ya saura. Ƙwayoyin Kupffer, masu gadin hanta, su saki sinadaran TNF da IL-6. Su ke tada ƙwayoyin hanta, waɗanda a lafiyayyen jiki ba kasafai suke rabuwa ba. Cikin sa'o'in farko wasu ƙwayoyin gado da ke kwance, irin su c-fos da c-jun da c-myc, su fara aiki. Ba su ke gini ba. Wasu ƙwayoyin gadon masu yawa suke kunnawa.

Farkawa kaɗai ba ta isa. Sai sinadaran girma, HGF da EGF, sun iso sannan ƙwayar ta ƙera cyclin D1, ta kwafi DNA ɗinta, ta rabu biyu. A ɓera kwafin yakan kai ƙololuwa bayan kamar sa'a 24. Jijiyoyin jini su biyo baya. Duk wannan kuma hanta ba ta daina tace jini ba.

A ganina tsayawar ce ta fi ban mamaki. Da nauyi ya daidaita da jiki, TGF-beta da activin su taka birki. Ɓangaren da aka cire ba ya sake tsirowa, ragowar ce ke girma. A mutum abin yakan ɗauki makonni zuwa watanni, shi ya sa mai rai ke iya ba ɗan'uwansa wani yanki na hantarsa.

Sai dai rauni a kai a kai, na ciwon hanta nau'in B ko barasa, tabo yake bari har hanta ta ƙandare, gyaran ya gagara. Ku je a gwada jininku, a kuma yi wa jarirai rigakafin ciwon hanta nau'in B da zarar an haife su.