Kayan Keke Mai Naɗewa: Ina Ya Kamata Ka Kashe Kuɗi?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da dama a Katsina sun koma kan keke, har da ɗan ƙaramin nan mai naɗewa da ake samu a gwanjo. Sai tambaya ta taso: kayan kamfani masu tsada, ko na araha?

Shawarata, kada ka yi rowa a kan birki, taya da sarƙa. Ƙurar hunturu da rairayi na cin sarƙa, ƙaya kuma na huda taya mai laushi, ka ƙare kullum wajen mai faci. Birkin da ya ƙi kamawa a cunkoson Ƙofar Ƙaura kuwa, maganar rai ce. A nan sunaye irin su Shimano da Kenda sun cancanci kuɗinsu, in dai ba jabu ba ne. Tafi da makanikin da ka yarda da shi ya duba.

Ƙararrawa, kwando da jaka, sayi na araha, hankalinka kwance.

Kafin ka shiga Babbar Kasuwa, karanta lambar da ke jikin tayarka, domin inci 16 da inci 20 ba sa shiga wa juna.