Darasi: Gwajin Ciwon Hanta Lokacin Awon Ciki

Darasinmu na yau a kan ciwon hanta ne nau'in B, wanda ƙwayar bairas ke kawowa.

Mace kan yi shekaru ɗauke da ƙwayar, tana aikinta garau, ba zazzaɓi, ba shawara. Ido ba ya gane ta, sai gwajin jini. Don haka in kin je awo, ki ce a yi miki wannan gwajin tare da na ƙanjamau.

Me ya sa? Yawanci wajen haihuwa jariri ke ɗauka daga uwa. Cikin jarirai 10 da suka kamu, kusan 9 ƙwayar kan zauna musu har girma, tana iya lalata hanta.

In an ce kina da ita, kada hankalinki ya tashi. Likita zai auna yawanta, wata akan sa ta a magani daga wata na bakwai. Jariri kuwa a yi masa allurar rigakafi cikin awa 24, ko a gida kika haihu. Kada a jira suna. Ki shayar da abinki, maigida ma ya je a gwada shi.

Allah ya raba lafiya, amin.