Shawarwari: Kada Maganin da ke Gida Ya Koma Cuta

Magani ma yana ɗaukar ƙwayoyin cuta, wani tun daga masana'anta, wani kuwa a hannunmu bayan an buɗe shi.

1. Maganin ɗigawa a ido shi ya fi buƙatar kula. Kada bakin kwalbar ya taɓa ido ko yatsa, kuma kada mutum biyu su yi tarayya a kwalba ɗaya, ko da ciwon ido ya zagaye gidan. A rubuta ranar da aka buɗe a jikin kwali, bayan kwana 28 a yar. Ido ba ya jure ƙazanta. A 2023 a Amurka, an samu ƙwayar Pseudomonas aeruginosa a maganin ido na EzriCare. Mutum 81 suka kamu, huɗu suka rasu, wasu huɗu sai da aka cire musu ƙwayar ido.

2. Garin maganin yara irin amoxicillin, da tafasasshen ruwa wanda ya huce ake haɗa shi, ba da ruwan randa ba. Idan kwanakin da aka rubuta a takardarsa suka cika, yawanci 7 zuwa 14, a zubar da saura. Uwargida, kada ki adana wa ƙanin yaron.

3. Ruwan gishiri da sukari na mai gudawa ba ya wuce awa 24.

4. Abin da aka zuba a cokali ba a mayar da shi kwalba.

5. Ƙarin ruwa da allura a gida, nan ne hankalina ya fi tashi. Wasu ƙwayoyin cuta suna barin dafi a ruwa bayan sun mutu, kuma tafasawa ba ta karya wannan dafin. Shi ya sa dafa sirinji a tukunya ba ya mayar da shi sabo; sau ɗaya ake amfani da shi. A ɗaga ledar ruwan a haske: in ta yi duhu-duhu, ko akwai ɗigo-ɗigo a ciki, ko tana yoyo, kada a yarda a ɗaura. In majinyaci ya fara rawar ɗari da zazzaɓi bayan an sa masa, a tsayar nan take, a garzaya asibiti, a tafi da ledar.

6. A kemis, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Kwalbar da murfinta ya riga ya ɓalle, don Allah a bar wa mai shago abarsa.